Gonar Barewa da Alkawarin Mai Tarakta

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Yuli na fito tun gari bai gama wayewa ba, na buɗe ƙyauren shingen da ke bakin hanya, na ɗaure shi da igiya don kada iska ta mayar da shi, sannan na sami kututture na zauna ina kasa kunne ko zan ji ƙarar tarakta. Mutumin da muka yi ciniki da shi ya ce zai iso da ƙarfe bakwai, kuma mako biyu kafin nan ya karɓi rabin kuɗin aikin a matsayin kafin alƙalami. Buhunan iri da na taki suna jingine a bayan mota, masu hasashen yanayi kuma sun ce ruwa zai sauko ranar Litinin, wanda shi ne burin duk mai shuka, iri ya kwanta a ƙasa ruwa ya biyo bayansa. Har rana ta take tsaka babu shi babu dalilinsa. Na kira wayarsa sau uku ba a ɗauka ba, na tura saƙo bai amsa ba sai ranar Talata, bayan ruwan ya zo ya wuce, inda ya rubuto cewa yankan ciyawar dabbobi ne ya riƙe shi amma zai shigo a ƙarshen mako. Ƙarshen makon ya zo ya wuce, na bayansa ma haka.

Gonar da nake magana a kanta ba ta ciyar da gidana, ba a kuma kai amfaninta kasuwa. Sarari biyu ne a tsakiyar daji, a wani ɗan fili da na mallaka a tsaunukan jihar Fensilfeniya ta Amurka, ɗaya eka guda, ɗayan rabin eka, kuma abin da ake shukawa a cikinsu na namun daji ne: barewa mai farar jela, talotalon daji, zomaye da ƙananan tsuntsaye. Al'ada ce da ta yaɗu a karkarar Amurka, musamman tsakanin maharba, domin a wannan jiha doka ta hana zuba hatsi a ƙasa a yi tarko da shi lokacin farauta a mafi yawan yankuna, amma ba ta hana a shuka abinci a bar shi a tsaye dabba ta zo ta ci ba. Barewar nan ta kusa ƙarewa a wajajen 1900, lokacin da aka ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a duk faɗin Amurka ba su wuce dubu 500 ba, yanzu kuwa ana maganar kusan miliyan 30. Yawansu ya sa sun cinye tsiron da ke ƙarƙashin manyan itatuwa a wurare da dama, don haka a ƙarshen hunturu, lokacin da kitsen jikinsu ya ƙare sabon ganye kuma bai fito ba, ɗan koren fili yana da matuƙar amfani gare su, haka kuma a watan Mayu da Yuni da matan ke shayarwa. Wannan ne ya ja ni cikin harkar, kuma ban ɗauke ta da wasa ba.

Abin da mai ƙaramar gona irin wannan yake rasawa idan aka saɓa masa alkawari ya fi kuɗi tsada, domin lokaci ne. Dangin kabeji da ake shuka wa barewa, irin su tanif da radish, suna buƙatar kwana 60 zuwa 90 a ƙasa kafin daren farko da sanyi zai daskarar da raɓa, wanda a yankinmu yakan faɗo a farkon Oktoba ko tsakiyarsa. Duk wanda ya yi lissafi zai ga cewa daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta ne kawai ƙofar take a buɗe, kuma a cikin waɗannan makonni uku ma ba kowace rana ce ta shuka ba, sai wadda ruwa ke tafe a bayanta. Idan aka jinkirta gyaran rufin ɗaki da mako uku, rufin yana nan yana jira. Shuka ba ta jira, wanda ya rasa ta a bana sai baɗi.

Mai taraktar ba shi ne na farko ba. Tun a watan Maris na ɗebi ƙasa daga wurare goma sha biyu a kowane sarari, na gauraya ta a bokiti, na shanya ta a kan takarda, na aika ɗakin gwaji na jami'ar Penn State ta hanyar ofishin malaman gona na gundumarmu. Sakamakon ya nuna ƙasar tana da tsami ƙwarai, ma'aunin pH ya tsaya a 5.2, alhali kuloba, wato ganyen nan ɗan'uwan wake da nake son ya zama ginshiƙin gonar, ya fi jin daɗi daga 6 zuwa 7. Tazarar tana kama da ƙarama a takarda, amma kowace lamba guda a wannan ma'auni ninki goma ce, ƙasa mai 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma. A irin wannan ƙasa, kaso mai yawa na takin da aka zuba yakan maƙale saiwa ba ta iya ɗaukarsa. Maganinta garin farar ƙasa ne, wato dutsen da ake niƙawa a watsa a gona don ya kashe tsami, kuma lissafin ya kama tan 2 a kowace eka, tan 3 ke nan gaba ɗaya. Garin yana ɗaukar kusan wata shida kafin aikinsa ya kankama, shi ya sa na kira masu sayar da shi tun farkon Afrilu. Suka ce sun rubuta sunana, mota za ta zo idan ƙasa ta tsane. Na sake kira a Mayu aka ce ina cikin layi, a Yuni aka ce direban ya yi jinya. Gafara sa dai nake ta ji ban ga ƙaho ba, sai a kira na biyar wata mata da ta ɗauki wayar ta gaya mini gaskiya cikin ladabi, cewa motarsu tana ɗaukar fiye da tan 10 a tashi ɗaya, ba za su tashe ta saboda tan 3 ba sai idan wani babban aiki ya biyo da ita ta wajenmu. Na yi mata godiya har zuciya, domin ita kaɗai ce ta ba ni abin da zan iya aiki da shi, sai dai da an faɗa mini haka a Afrilu da wata uku ba su salwanta ba.

Mai taraktar ya bayyana a makon farko na Satumba, ranar da ba na nan, kwana ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi. Ya ga buhunan irin a rumfa, ya ga ina binsa aiki, sai ya watsa irin ya bi ta kansa da haro don ya gama a zuwa ɗaya. Da na dawo na durƙusa a tsakiyar filin na tona da yatsa, sai na tarar da ƙwayoyin kuloba a zurfin inci uku, ƙarƙashin curin laka da ya fara bushewa kamar tubali. Ƙwayar kuloba ba ta kai kan allura biyu girma ba, abincin da ke cikinta ba zai iya tura tsiro ya ratsa fiye da rubu'in inci ba, abin da take so kawai shi ne ta taɓa ƙasa a danne ta. Tayoyin taraktar kuma sun bar kwari biyu a gefen da ruwa ke kwanciya, waɗanda har yanzu ana ganin alamarsu. Ya aiko da takardar neman cikon kuɗinsa a daren.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi shekaru yana noman masara da kiwon shanun madara kafin ya ajiye, shi ne ya zaunar da ni ya warware mini lamarin. Ya ce in dubi abin da idon mai injin. Kafin ya zo wurina sai ya ɗora tarakta a tirela, ya ɗaure ta da sarƙa, ya yi tafiyar rabin sa'a, ya sauke, ya haɗa haro, ya yi aikin da bai wuce sa'a biyu ba, sannan ya maimaita duk wannan a komawa, rabin yini ya tafi a kan eka ɗaya da rabi. A wannan rabin yinin zai iya gama eka masu yawa a gonar mutum ɗaya wanda zai sake kiransa sau huɗu a shekara. Ƙidayar gonaki ta 2022 ta nuna akwai gonaki kusan miliyan 1.9 a Amurka, matsakaicin girmansu kuma eka 463 ne, kuma don irin waɗannan aka ƙera injuna, aka tsara farashi, aka shirya layin jira. Ranar da ta dace da shukata ita ce dai ranar da ta dace da yankan ciyawar babban manomi, rana mai haske da ruwa ke tafe bayan kwana biyu, saboda haka duk lokacin da na fi buƙatar mutumin shi ne lokacin da wani wanda ya fi ni nauyi a aljihunsa ya fi buƙatarsa.

Na gamsu da wannan bayani, kuma ya rage mini ɗacin rai sosai, amma bai wanke komai da komai ba. Ban ga laifin wanda ya fifita aikin da ke ciyar da iyalinsa ba, da ni ne ma haka zan yi. Laifin da na gani shi ne karɓar aikin da mutum ya san da wuya ya yi shi, da kuma yin shiru bayan ya tabbata ba zai zo ba. Alkawari kaya ne, wanda ya ga ba zai iya ɗauka ba sai ya sauke shi da bakinsa tun da sauran lokaci. Da ya turo mini layi ɗaya ranar Juma'a da dare cewa gobe ba za ta yiwu ba, da na yafa irin da hannuna kafin ruwan Litinin, ko da rabin filin ne. Mutane da yawa suna jin nauyin cewa a'a, suna ganin amsawa ita ce kyautatawa, alhali a harkar shuka a'a da wuri ta fi to ɗin da ba ta da rana.

Dattijon bai ƙyale ni ba ni ma, kuma ya yi daidai. Ya taka hanyar da ke shiga sararin tare da ni, ya nuna mini rassan da suka sunkuyo za su karce mota, da kwanar da doguwar tirela ba za ta iya juyawa a cikinta ba, da kututture biyu da ciyawa ta rufe waɗanda za su iya karya faifan haro. Ya ce mai inji idan ya zo ya ga wuri irin wannan ba lallai ya faɗa maka ba, amma a ransa ya riga ya mayar da kai ƙarshen layi, domin gyaran ƙarfe ɗaya zai cinye ribar aikin har ya ci uwar kuɗi. Ban taɓa auna faɗin ƙyauren ba sai ranar.

Shekarar ba ta tafi a banza gaba ɗaya ba, albarkacin rayi, wani hatsi ɗan'uwan alkama mai jure sanyi. Yana tsiro ko da zafin ƙasa ya sauka zuwa ɗan sama da ma'aunin daskarewar ruwa, yana haƙuri da ƙasa mai tsami, kuma ba ya neman a rufe shi sosai. A ƙarshen Satumba na rataya jakar yafa iri a ƙirji, na zagaya filin ina juya hannunta, kimanin laba 100 a eka, yayyafi na sauka a kaina. Cikin kwana goma filin ya yi kore shar, kuma barewa sun yi ta kiwo a kansa har dusar ƙanƙara ta rufe shi, suka dawo suna tonon ta da kofato. A ranar da nake yafa wannan hatsin ne na fara tambayar kaina ko me ya sa tun farko na tsara aikin a kan injin da ba nawa ba.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A shekara ta biyu na sake tsarin daga tushe, na ware abin da jikina zai iya daga abin da dole sai da inji, sai na ga na farkon ya fi yawa. Kuloba ba ya buƙatar huɗa ko kaɗan idan aka yafa shi a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, lokacin da ƙasa ke daskarewa da dare ta narke da rana, domin wannan buɗewa da rufewa ita ke jan ƙwayar ciki daidai zurfin da take so. Irin da eka ke ci bai kai laba goma ba, yana shiga jakar hannu, kuma idan ya kafu yana yin shekaru ana sare kansa kawai sau biyu ko uku a shekara. Ciyawar da ke gasa da shuka ina kashe ta da injin feshi na goyo mai cin lita 15, in jira kamar mako biyu ta bushe, in yafa iri a cikinta, in sare ta ta kwanta a kansa ta zama rufi mai riƙe danshi. Farar ƙasar ce ta fi ba ni wuya. Akwai ta a buhu, an dunƙule ta ƙanana-ƙanana yadda za ta bi ta injin watsa taki na turawa, sai dai ta ninka ta mota tsada, kuma tan ɗaya na nan laba 2,000 ne, buhu 50 ke nan masu laba 40. Na ɗauki ƙaramin sararin kaɗai, na kwashe Asabar uku ina jigilar buhuna a baro, kafaɗuna suna ciwo har tsakiyar mako. Babban sararin kuwa buhu 100 zai ci, a nan na yarda cewa sai da mota.

Hanyar da motar ta zo daga ƙarshe ita ce ta haɗin kai. Na bi maƙwabta huɗu masu irin wannan ƙananan filaye da masu makiyayar dawaki, muka tara buƙatunmu suka cika mota guda, muka yi oda da sunan mutum ɗaya. Mun kuma nemi a kawo a ƙarshen Nuwamba, bayan an gama girbin masara kuma kafin rububin bazara, lokacin da ƙasa ta yi taurin da za ta ɗauki nauyin mota. Kamfanin da ya yi wata uku yana juya ni shi ne dai ya zo, cikin mako biyu da yin odar, kuma direban mutumin kirki ne. Kafin ya iso na sare rassan hanya, na cire turken ƙyaure ɗaya don wurin ya ƙara faɗi, na kafa tutocin leda masu launin ruwan lemo a kan kowane dutse da kututture, na kuma tura masa hoton taswirar filin a waya.

Yanzu idan zan ba wani aiki, akwai abubuwan da ba na sassautawa a kansu. Ina rubuta abin da muka yi magana a saƙon waya, girman fili da irin aikin da kuɗinsa, in nemi ya amsa da kalma ɗaya ko da to ce. Ba na sa masa rana guda, domin na san sama ce ke mulkin ranarsa, sai in ba shi kwana goma ya zaɓa a ciki, in kuma faɗa masa a fili cewa idan rana ta goma ta wuce cinikin ya warware ba tare da ɓacin rai ba, zan koma ga hatsin da ke jure makara. Kafin alƙalami na daina bayarwa sai na kayan da zai saya da kuɗinsa, ladan aiki kuwa ina biya a take, a gefen gona, kafin ya ɗora tarakta a tirela, kuma na lura wannan saurin biya yana sa a tuna da mutum fiye da yawan kira. Ba a shiga filin ba na nan. Idan feshi ne, ina tambayar lasisi, domin a wannan jiha duk mai feshin magani a gonar wani don a biya shi dole ne ya mallaki izini daga ma'aikatar gona, kuma wanda ya yi jinkirin nuna takardarsa da wuya ya damu da iska ta kwashi maganin zuwa rafi.

Ofisoshin gwamnati sun taimaka ta inda ban zata ba. Tsarin malaman gona da dokar Smith-Lever ta kafa a 1914 ya haɗa jami'o'in jihohi da gundumomi, kuma ma'aikatansa ba su raina mai eka ɗaya ba, sun karanta mini takardar gwajin ƙasa layi-layi. Hukumomin kare ƙasa da ruwa na gundumomi, waɗanda dokar jihar ta 1945 ta ba su tushe, da dama daga cikinsu suna ba da hayar injin shuka da ba ya buƙatar huɗa. Sai dai shi ma yana son tarakta mai ƙarfin jansa, kuma layinsa yakan cika a daidai makonnin da kowa ke nema, don haka wanda ke so sai ya rubuta sunansa tun hunturu.

Iri ma na koyi duba shi da kaina. Kowane buhu yana ɗauke da takarda mai nuna kason da ke tsirowa, da kason tsabtarsa, da watan da aka gwada shi, da nauyin abin da aka lulluɓe ƙwayar da shi, wanda a wasu buhunan kuloba yakan kai kashi ɗaya bisa uku ko fiye. Idan na ga gwajin ya tsufa, nakan ƙirga ƙwaya 100 in naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma in ajiye a wuri mai ɗumi, bayan mako guda in ƙirga waɗanda suka fasa.

Abin da ya fi gyara mini hukunci a kan mutane shi ne wani ɗan keji na waya, faɗinsa kamar mita ɗaya, tsayinsa ya kai ƙugu, wanda nake kafawa da turaku uku a tsakiyar kowane sarari ranar shuka don bakin dabba kada ya kai ga abin da ke ciki. A watan Oktoba na shekara ta uku na zo na tarar da babban sararin a aske, ganye bai fi tsawon yatsa ba, har zuciyata ta fara tafiya wajen mai sayar da iri da yaron da ya taya ni danne ƙasar. Da na ƙarasa wurin kejin sai na ga tanif a cikinsa ya kai gwiwa, ganyensa ya fi tafin hannu faɗi, saiwarsa ta turo kai daga ƙasa, shuɗi-shuɗi a sama fari a ƙasa. A kewayensa kuwa sawun kofato ne manya da ƙanana, wasu a kan wasu, har sun yi 'yar hanya da ta zagaye wayar, kuma duk ganyen da ya leƙo ta tsakanin ramukanta an gutsure shi daidai da bakin ƙarfen. Na kira yaron a yammacin na gaya masa aikinsa ya yi kyau, muka kuma tsayar da kwanaki goman da zai zo a cikinsu a Agustan baɗi.